Baƙin Kurmi Da Maganin Makantar Kogi

Ran 30 ga watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar kogi. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi, ta biyar kuma a duniya, bayan Kolambiya da Ekwado da Meksiko da Gwatamala. Wannan labari abin murna ne ga kowa, amma ga Nijeriya abin tunani ne, domin kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan mutanen da ke cikin hatsarin wannan cuta a duniya duka. Akwai kuma waɗanda ya kamata labarin ya tsaya musu a rai fiye da kowa, watau 'yan Arewa mazauna Kurmi, musamman masu neman abinci a ƙauyuka da gonaki da bakin koguna. Dalili kuwa shi ne, an gina shirin rabon maganin cutar ne bisa littafin sunayen mutanen gari, su kuwa da yawansu ba su cikin littafin kowa. A gida ana yin rabo ba sa nan, a Kurmi kuma ana ɗaukarsu baƙi ne masu wucewa.

Kafin a shiga wannan magana ya kamata mai karatu ya san ko wace cuta ake nufi. Wasu suna kiranta dundumi, ko da yake dundumi na asali shi ne rashin gani da dare. Ita makantar kogi wata irin tsutsa ce siririya kamar zare ke haddasa ta, wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai doro kuma shi ke ɗaukarta daga jikin mutum zuwa jikin wani. Wannan ƙuda ba ya hayayyafa a kududdufi ko kwata irin ta sauro. Sai ruwa mai gudu da ƙarfi, inda kogi ke zuba kan duwatsu yana kumfa, da rana kuma yake cizo. In tsutsar ta shiga jiki sai ta girma ta dunƙule a ƙarƙashin fata, ta yi wani ƙullutu mai tauri a ƙugu ko haƙarƙari ko gwiwa, ta zauna nan shekara 10 har zuwa 15 tana haihuwar 'ya'ya ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Su 'ya'yan nan su ke yawo a cikin fata, su ke kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa susa da dutse ko wuƙa. Da tafiya ta yi nisa sai fata ta yi kaushi ta tattare kamar ta tsoho, ko ƙwauri ya yi dabbare-dabbare kamar jikin damisa. In kuwa suka kai ga ido, sai gani ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har ya tafi, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa.

Dattawan kwarin Hawul a ƙasar Barno da Adamawa, da na bakin kogin Taraba, da na kogin Galma a Jihar Kaduna ba sa bukatar a ba su labarin wannan masifa. Sun ga ƙauyukan da magidanta masu ƙarfi suka zama makafi tun suna da sauran ƙuruciya, yara kuma maimakon zuwa makaranta sai jan gora. Sun ga fadamu masu albarka da aka gudu aka bari, aka koma noma a kan tudu mai tsakuwa, don kawai a nisanci kogi. Wannan hoto na yaro yana jan makaho da sanda shi ne aka ƙera gunkinsa aka kafa a gaban ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, don kada a manta.

Yaƙin farko da aka yi da cutar da ƙudan aka yi shi. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa wani babban shiri mai hedkwata a Wagadugu, aka fara da ƙasa 7, har da Nijar da Gana, daga baya suka zama 11. Jiragen sama masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna mako-mako suna zuba maganin da ke kashe 'ya'yan ƙudan tun suna cikin ruwa. Da aka rufe shirin a 2002, an ƙiyasta cewa ya tsare mutum wajen 600,000 daga makanta, ya kuma mayar wa manoma ƙasar noma hekta miliyan 25. Nijeriya ba ta cikin wannan shiri, aikin kuma yana cin kuɗi ƙwarai, ga shi bai dace da ƙasar Kurmi ba, inda itatuwa suka rufe rafuka jirgi ba ya ganinsu.

Abin da ya sake al'amari shi ne ƙwayar magani. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, da wani masanin kamfanin Merck na Amurka, William Campbell, su ne suka gano asalin maganin da ake kira ibamektin, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2015. Da fari don dabbobi aka yi shi, masu harkar shanu ma sun san shi sarai, shi ne allurar da ake yi wa dabba don tsutsa da kaska. A 1981 aka fara gwada shi ga mutane a Dakar, aka ga yana kashe 'ya'yan tsutsar makantar kogi. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin bayar da shi kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata, har iyakar lokacin da ake bukatarsa. Nijeriya ma ta sa hannu wajen tabbatar da amfaninsa, domin gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka fara a ƙauyukan Jihar Kaduna a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar ido.

To, amma maganin yana da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin nan ne duk maganar take. Yana kashe 'ya'yan tsutsa, yana kuma hana uwar haihuwa na wasu watanni, amma ba ya kashe uwar. Saboda haka tilas a riƙa shansa kowace shekara, a wasu wurare ma sau biyu, har uwar ta tsufa ta mutu don kanta, watau shekara 12 zuwa 15 ko fiye. Kuma ba ya wadatarwa mutum ɗaya ya sha. Sai kusan 80 cikin 100 na jama'ar gari sun sha, shekara bayan shekara, sa'an nan ƙuda zai ciji mutum bai sami abin ɗauka ba, cutar ta mutu a wannan yanki. Duk wanda bai sha ba, in yana da tsutsar, ya zama rumbun da ƙuda zai riƙa ɗiba yana kai wa maƙwabta.

Babu gwamnatin da take da malaman asibitin da za su bi dubban ƙauyuka gida-gida har shekara 15. Saboda haka ne shirin APOC, wanda aka kafa a 1995 don Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka da shirin farko bai haɗa da su ba, ya ɗauki wata dabara a 1997: a miƙa aikin a hannun mutanen gari. Jama'a su taru gaban dagaci ko mai unguwa, su zaɓi masu rabo daga cikinsu, su tsayar da watan da za a yi, su kuma yanke ko gida-gida za a bi ko a dandali za a haɗu. Ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su koya wa masu rabon aiki, su ba su magani da littafi. Ba a bukatar ma'aunin nauyi, sanda ce mai zane ake jinginawa a jikin mutum. Wanda tsawonsa ya kai santimita 90 zuwa 119 ƙwaya 1 zai sha, daga nan a yi ta ƙarawa gwargwadon tsawo har zuwa ƙwaya 4 ga dogon mutum. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da mai jego a makon farko, da wanda ke kwance cikin ciwo mai tsanani. Wata 'yar Nijeriya, Dokta Uche Amazigo, tana cikin waɗanda suka tsaya kan wannan dabara, ita ce kuma ta shugabanci shirin daga 2005 zuwa 2011. An rufe APOC a 2015, amma tsarin da ya bari shi ne ginshiƙin aikin har yanzu.

Dabarar ta yi amfani, shaida kuwa tana cikin gida. A 2018 aka dakatar da rabo a Jihohin Filato da Nasarawa ga mutum fiye da miliyan 2, bayan aikin da Ma'aikatar Lafiya ta yi shekara da shekaru tare da Cibiyar Carter, a 2021 kuma aka tabbatar cutar ba ta dawo ba. Kaduna da Kebbi da Zamfara, inda ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana taimakawa, su ma suka kai ga dakatarwa, haka kuma Delta. A 2023 aka ba da sanarwar dakatar da rabo a Imo da Abiya da Inugu da Anambara, inda mutum kusan miliyan 19 suka huta da shan maganin. Manoma da malaman makaranta da matan aure ne suka yi wannan aiki, a ƙafa da kan keke, galibi ba tare da albashi ba. Lalle sun cancanci yabo.

Amma fa ƙarfin tsarin nan shi ne kuma rauninsa. Kafin a kawo magani sai mai rabo ya ƙidaya mutanen garinsa gida-gida ya rubuta a littafi, bisa wannan ƙidaya ce ƙaramar hukuma ke aiko da ƙwayoyi. Wanda ba a rubuta ba, babu rabonsa a cikin kwalin tun daga farko. To, ina matsayin ɗan cin rani da ya bar gida bayan kaka bai koma ba sai faɗuwar damina, alhali a ƙauyuka da yawa da rani ake rabo? Ina matsayin leburan gonar koko da ke kwana a bukka cikin daji a ƙasar Ondo ko Oshun, ko mai sayen goro da ke bin ƙauyukan Shagamu, ko masunci, ko mai haƙar yashi a bakin kogi, ko makiyayin da ke shayar da shanunsa a rafukan Oke-Ogun? Mai rabo ɗan gari ne, mutanen da ya sani yake rubutawa. Sau da yawa ba ya jin Hausa ko Fulatanci, su kuma ba sa jin harshensa sosai. Ba lalle ne mugunta ta sa ya tsallake su ba. Shi a ganinsa baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan. Ga shi kuwa raɓar nan ta kan shekara goma a wuri ɗaya, ta yi aure ta haifi 'ya'ya.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa cutar ta Arewa ce kaɗai. An daɗe da sanin baƙin ƙuda a kogunan Ogun da Oshun da Oji da Kuros Riba da rassansu. Bambancin da masana suka lura da shi shi ne, irin tsutsar da ke ƙasar Kurmi ta fi ɓata fata, ta ƙasar Arewa kuma ta fi makantarwa. Gaskiya ne wanda ke zaune tsakiyar Ikko, yana sayar da shayi a Agege ko yana dako a Mile 12, ba ya cikin hatsarin cizon ƙudan nan a inda yake. Amma in daga ƙauyen bakin kogi ya fito, mai yiwuwa ne da tsutsarsa ya zo, tana nan tana aikinta a ɓoye, shi kuwa ya shekara biyar bai ga mai rabo ba.

Hasarar iri biyu ce. Ta farko a jikin mutumin kansa take, domin idon da yake neman abinci da shi ne ake caca da shi. Direba ko tela ko mai gadi ko mahauci, in ido ya tafi sana'a ta tafi, iyalin da ke jiran saƙo a gida kuma sun shiga uku. Ta biyu kuwa ta shafi ƙasa baki ɗaya. Jihar da aka dakatar da rabo a cikinta sai an yi shekara 3 zuwa 5 ana sa ido, ana kama ƙudaje ana bincikarsu, don a tabbata cutar ba ta dawo ba. Ƙudan yana nan a kogunansa bai tafi ko'ina ba, tsutsar ce kawai ya rasa. Mutumin da ya ɗauko tsutsa a wani wuri ya koma ƙauyensu da damina, ya shiga fadama yana noma, zai iya mayar wa ƙudan abin da aka yi shekara 20 ana raba shi da shi. Babu ɗan halak da zai so ya zama shi ne ya kai wa mahaifarsa wannan tsaraba.

Abin yi a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin jama'a ba. Nauyi na farko yana kan sarakunan Hausawa da na Fulani da shugabannin zango da na kasuwanni. 'Yan Arewa a Kurmi ba tarkace ba ne marasa shugabanci. Daga Sabo ta Badun zuwa Sabo ta Shagamu, daga Ama Hausa ta Owerri zuwa kasuwar shanu ta Lokpanta, kowane zango yana da sarki da wakilai da limamai, kowace sana'a tana da shugaba. Tsarin da ke iya tara kuɗi cikin dare ɗaya don kai gawa gida ko belin ɗan'uwa, zai iya rubuta sunayen mutanensa da ke ƙauyuka da gonaki da rugage. Sai sarki ya tashi wakili zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya tambaya: ana rabon Mectizan a wannan yanki ko an dakatar? In ana yi, a wane wata? Sa'an nan ya nemi a koya wa samarin zango aikin rabo, a ba su littafinsu da sandarsu. Wannan ba alfarma ba ce, ƙa'idar shirin ce tun asali cewa kowace al'umma ita ke zaɓen masu raba mata. A kuma sa mata a ciki, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, matan kuwa su ke zuwa rafi wanki da ɗiban ruwa. Tun da masu rabo ba su da albashi, ya kamata zango ya ɗauki nauyin kuɗin motarsu da abincinsu na 'yan kwanakin aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nauyi na biyu yana kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi na Kudu da Arewa. Jami'in da ya rubuta cewa ƙauye kaza ya sha magani 80 cikin 100, alhali akwai ruga da bukkokin lebura a bayan gari waɗanda ba a ƙidaya ba, kansa ya ruɗa, domin ƙuda ba ya tambayar asalin mutum kafin ya cije shi. Ya kamata a riƙa sabunta ƙidaya kowace shekara, a sa duk wanda ke kwana a yankin, a kuma ajiye ragowar magani a asibitin shan magani mafi kusa na 'yan makonni saboda waɗanda rabo ya wuce su. A Arewa kuma a duba lokacin rabo, a daidaita shi da lokacin da 'yan cin rani suke gida. Bugu da ƙari, abin da ya faru a 2025, sa'ad da gwamnatin Amurka ta yanke yawancin taimakon da take bayarwa ga ayyukan lafiya a ƙasashen waje, ya isa gargaɗi. Ƙwayar kyauta ce, amma kai ta ƙauye da koyar da masu rabo da binciken ƙudaje duk kuɗi ne, kuma bai kamata ƙasa kamar Nijeriya ta zauna jiran baƙi su biya mata su ba.

Nauyi na uku yana kan kowane magidanci. Wanda mai rabo ya iske, ya karɓa ya sha a gabansa, ya kuma tabbata iyalinsa sun sha. Wanda zai tafi ganin gida, ya tambayi mai unguwarsu ko an yi rabon bana, ya nemi nasa. Wanda yake fama da ƙaiƙayin da ba ya jin magani, ko ya ji ƙullutu a ƙugunsa, ko ya ga ganinsa yana dushewa, ya tafi asibiti ya gaya wa likita inda ya fito da inda ya zauna, ko da a jihar da aka dakatar da rabo yake. Kada wanda ya kuskura ya sha ko ya yi wa kansa allurar ibamektin ta shanu, domin ƙarfinta da haɗinta na dabba ne. Haka kuma wanda ya taɓa zama cikin kurmin Kamaru ko na kan iyaka, ko ya taɓa ganin tsutsa tana ratsa farin idonsa, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya sha, domin akwai wata tsutsa dabam a can wadda in ta yi yawa a jini maganin yakan yi wa mutum lahani.

Sauran magana ita ce ta jita-jita. Akan ji masu cewa duk maganin da Bature ya bayar kyauta akwai lauje cikin naɗi, wai na hana haihuwa ne. Tun 1987 ake shan wannan ƙwaya, miliyoyin mutane a Afirka suna shanta kowace shekara, ƙauyukan Kaduna da Filato da suka shekara 20 suna sha kuwa ba su daina suna ba. Abin da yake gaskiya shi ne, wanda tsutsa ta yi wa yawa yakan ji ƙarin ƙaiƙayi ko kumburi ko zazzaɓi ko jiri na kwana biyu ko uku a shan farko, alamar 'ya'yan tsutsar suna mutuwa ke nan, a shekaru na gaba kuma abin yakan ragu. Har ma akwai riba a kai, domin ƙwayar tana fitar da wasu tsutsotsin ciki, tana kashe ƙwarƙwata da ƙazwa, in an haɗa ta da wani magani kuma ita ce ake yaƙar tundurmi da ita. Limamai da masu wa'azi a zango za su yi babban taimako in suka bayyana wa jama'a wannan, domin maganarsu ta fi ta kowane jami'i shiga kunne.

Nijar ta fara yaƙinta da ƙudan a 1976, ba ta sami takardar shaida ba sai 2025, watau kusan shekara 50. Yaran da ke jan gora a farkon aikin yanzu su ne kakanni, jikokinsu kuwa sai dai a ba su labari. Nijeriya ma ta kama hanya, jihohi suna fita ɗaya bayan ɗaya, amma ba za a ba ƙasar shaida ba sai kogin ƙarshe ya tsarkaka, kogin kuwa ba zai tsarkaka ba muddin akwai mutanen da ke bakinsa waɗanda ba su cikin littafi. Sarkin zangon da ya aika wakilinsa ƙaramar hukuma a wannan wata, ya sa aka rubuta mutanensa kafin rabo mai zuwa, ya yi wa jama'arsa aikin da ya fi sasanta rigimar kasuwa goma. Rigakafi dai ya fi magani, ido kuwa ba a sayensa a kasuwa.